Yatsun Ɓarawo

Awa biyu ke nan da shigar da autanta ɗakin tiyata, har yanzu ba a taɓa shi ba. Mota ce ta banke shi a ƙofar makaranta. Sau uku nas tana leƙowa: "Ƙara haƙuri, Mama, jira muke."

Maman yaron ta laluba gefenta a kan benci, ba jakarta. Tana ɗaga kai, sai ga wani mutum ya gifta ta da gudu. Singileti duk fenti, silifa wari da wari, ido jajawur, gumi na tsiyaya. Ita kuwa mace ce mai taƙamar kallo ɗaya take wa mutum ta san abin da ke cikinsa.

"Ɓarawo! Ku tare shi!"

Ƙannen mijinta uku, da tun ɗazu suke neman inda za su sauke zuciya, suka yi masa caa.

"Ku tsaya, ni ne..."

Naushi ya mayar masa da maganar ciki. Masu jinya suka fito, kowa da tasa gudummawar. Wata tsohuwa har da rantsuwa, wai jiya ma ta gan shi yana leƙe-leƙen ɗakuna.

Duk dukan nan, mutumin bai kare kansa ba, bai kare fuska ba. Hannuwansa ya cusa a hammata ya dunƙule.

"Kun gani? Abu yake ɓoyewa!" in ji maman yaron.

Da ƙyar aka fizgo hannun daman, aka shimfiɗa a siminti. Wayam.

"Da shi yake cutar bayin Allah. Ku yi masa shaida," in ji ta.

Babban cikin ƙannen mijin ya ɗaga ƙafar benci ya sake ta a kan yatsun. Ƙarar ta kai ƙarshen baranda. Aka fizgo na hagun ma.

Daidai nan 'yarta ta iso tana haki. "Umma, ga jakarki, a mota kika bari."

Maman yaron ta karɓa, ta taɓe baki. "In bai ɗauka yau ba, ya ɗauka jiya. Dubi fuskarsa mana."

Ƙofar tiyata ta buɗe. Nas ta fito a gigice, don numfashin yaron ya soma sama-sama. Ta kutsa cikin taron, ta dubi wanda ke kwance, ta dubi yatsunsa da suka juye, sai ta zube gwiwa bibbiyu, hannu a ka.

"Wayyo, Likita! Kai muke jira! Duk garin nan wa zai yi wa yaron nan aiki?"