Sunan Janar

"Matarsa ta kira shi da sunansa," in ji likitar, Ba'amurkiya. "Muryarta ya fi sani."

Na fassara wa mahaifiyarmu, kaina a sunkuye.

Tun bayan tiyatar da aka yi masa a Washington, mahaifinmu bai farfaɗo ba. Mutumin da ya shiga yaƙin basasa yana ƙaramin hafsa, ya ƙetare Kogin Kwara harsashi na zuba, ya yi ritaya yana janar, ga shi kwance sai numfashi. Mun ce "Baba", shiru. Tsohon direbansa ya kira daga Kaduna, "Ranka ya daɗe", shiru.

Ita kuwa, tun ranar da aka kai ta ɗakinta, kunya ba ta bar sunan nan ya fita daga bakinta ba. Ko jikan da ya ci sunansa, "Maigida" take ce masa.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta yi bisimilla, ta sunkuya daidai kunnensa, ta faɗa.

Idanunsa suka buɗe a hankali. Ya dube ta, ya dube mu, murya can ƙasa:

"Haba, Hajiya. A gaban yara?"