Abin da Shekari Ya Gani a Madubi

Shekari na shirin rufe ɗakin gwaje-gwaje na asibitinsu a Sabon Tasha, sai ga Hephzibah, ƙawarsa tun ƙuruciya, a bakin ƙofa. Ta rame sosai, rigarta ta yi mata yawa.

"An ce kai ka shirya ɗan naman da aka gutsuro daga hanjina," ta ce. "Me ka gani?"

Ya gani kuwa. Tun da rana ya sa shi a ƙarƙashin madubin gwaji mai ƙara girman abu. Ga ƙananan ramukan nan na bangon hanji masu fitar da ruwa, jere reras kamar rijiyoyi, kowanne lafiya lau, babu alamar ciwon dajin da take tsoro. Amma shi ba likita ba ne. A aikinsu, mai shirya nama a gilashin gwaji ba ya faɗin sakamako, ko ga mahaifiyarsa.

"Likita zai gaya miki ranar Litinin."

Ta zuba masa ido. Ya kau da kai. Farin cikin da yake ta dannewa ya nemi hanyar fita, sai ya ji bakinsa ya ce, "Hephzi, ki aure ni."



"Duk shekarun nan ba ka faɗa ba, sai yau da ka leƙa cikina?" Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Na gode da tausayi. Na ji sakamakon."

"Ba haka ba ne."

"To, yaya ne?"

Dokar aikinsu ta ɗaure shi, ita kuwa ta juya ta fita.

Ta taga ya ga ta tare keken haya mai zuwa unguwar Romi, ba ta waiwayo ba. Ya koma ya zauna, ya sake leƙa madubin. Ramukan suna nan, lafiya lau.