Tsohuwar Na'urar Kaset

A shekarar da ofishin filaye na wata jiha ya sayo sabuwar kwamfutar adana bayanai, aka damƙa haɗa ta ga wani ma'aikaci da aka sani da tsanaki. Mako biyu ya yi a kanta. Ya jera faifan ajiya yadda ko ɗaya ya mutu sauran za su riƙe abin da ke cikinsa. Ya kafa akwatin kaset na adana bayanai mai hannun ƙarfe, wanda ke zaro kaset da kansa ya cusa a bakin na'ura. Ya gwada kwafa, ya gwada dawo da abin da ya kwafa, komai ya tafi daidai. Da ya gama sai ya dubi tsohuwar na'urar karanta kaset a lungu, mai ƙara kamar injin niƙa, ya ga ta tsone masa ido. Ya sa hannu aka fitar da ita cikin tarkace. Tsofaffin kaset-kaset kuwa ya kulle su a durowar ƙarfe, inda ko laima ba ta shiga.

Bayan damina biyu wani dattijo ya zo. Maƙwabci ya ci masa iyakar gona, takardarsa gara ta cinye, fayil ɗin ofis ya salwanta, alƙali kuma ya ba shi zuwa Litinin ya kawo taswirar awon da aka yi shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ma'aikacin ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, a nan ba abin da ke ɓata." Ya ɗauko kaset ɗin shekarar, ya ba sabuwar na'ura, ta tofo shi. Ya sake, ta sake. A na uku ya buɗe littafinta, ya iske ba ta karanta kaset da ya girme ta haka. Taswirar na hannunsa lafiya lau, mai karanta ta ce babu. Ya buga waya ofis-ofis yana neman irin tsohuwar na'urar, kowa ya yi irin sharar da ya yi. Ranar Asabar ya bi sawun wadda ya fitar har wurin 'yan gwangwan, ogansu ya nuna masa tsibin ƙarafa ya ce, "Yallaɓai, ai tun bara muka fasa ta." Ranar Litinin dattijon ya shiga kotu hannu rabbana, ya fito an yanke masa rabin gona.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.