Uban da Ya Kasa Faɗin Sunan 'Yarsa

Angon bara, na ga yadda ka kau da kai ɗazu da aka miƙo maka jaririyarka, sai ka ce garwashi aka miƙo maka. To gyara zama. Ka san ni ba a kayar da ni a labari, wannan kuwa naka ne.

Wani mai sayar da hatsi ne, mai kunya irin ta mutanen da, Allah ya ba shi 'yar fari. Tun ranar suna bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa faɗin sunanta ba. In zai yi maganarta sai ya ce "yarinyar nan", in ta rarrafo wajen tabarmarsa sai ya tuna bai yi alwala ba. Mutane na yaba masa, shi kuma kansa na ƙara girma. Da ta isa yaye aka mayar da ita ɗakin kakarta, katanga ɗaya tsakaninsu. Ana nan sai uwar yarinyar ta kwanta ciwo, aka fita da ita wata ƙasa za a yi mata aiki a zuciya, yayanta ya raka ta. Da likitoci suka sa rana, abu ɗaya ta roƙa: a kawo mata 'yarta ta gan ta kafin a shiga da ita, tunda ba wanda ya san gawar fari. Kaka ba ta da fasfo, ga ciwon ƙafa. Dole uban ya ɗauko yarinya, shi da ko filin jirgi bai taɓa shiga ba.

Jirgi na tashi kunnen yarinya ya toshe, ta fasa kuka, tana miƙa hannu ga duk mace mai mayafi da ta gifta. Ya riƙe ta nesa da ƙirjinsa kamar tukunyar da aka sauke daga wuta. Ya ba ta biskit ta watsar, ya ba ta ruwa ta ture. Na kusa da shi ya toshe kunnuwansa ya rufe ido. Mai hatsi ya leƙa taga, ba gari, ba gona, gajimare ne kawai shimfiɗe a ƙasa. Jirgi cike da mutane, ba wanda ya ce masa sannu.

Suka sauka a wata ƙasa inda za su sauya jirgi. Wuri kamar gari guda, daɓe na sheƙi, jama'a na wucewa ba mai sallama. A ƙofar jirgi na biyu, ma'aikaciyar da ke duba fasfo ta ga yarinya na turjewa tana ihu a hannunsa. Ta tambaye shi da Turanci, wanda yake ɗan tsinta a kasuwa, yaya sunanta. Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya nuna mata fasfo da yatsa. A garinsu wannan ladabi ne. A can kuwa, mutumin da yarinya ke gudu, kuma ya kasa faɗin sunanta, ɓarawon yara ake zatonsa. Aka cire shi daga layi, aka kai su wani farin ɗaki mai sanyi, aka karɓe takardunsu aka tafi bincike. Ta gilashi yana kallon mutane na shiga jirginsa ɗaya bayan ɗaya.

Can wani jami'i ya shigo, ya ɗauki yarinyar ya ajiye ta a ƙarshen ɗakin, ya ce masa ya kira ta. Ya ce, "Ke." Ko kallo bai ishe ta ba. Ya ce, "Ke, zo mana." Ta juya ta rungumi ƙafar kujera. Sai ya buɗe baki ya ce, "Rumasa'u." Sunan ya fito da ƙyar, kamar an tura ƙofar da ta daɗe a rufe. Yarinya ta waiga hagu ta waiga dama tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san muryar nan da sunanta ba. Mai hatsi ya tuɓe hula, ya durƙusa a daɓe, ya kama tafi yana rera waƙar lallashin da kakarta ke yi mata, wadda ya daɗe yana ji ta bayan katanga yana yi kamar bai ji ba. Murya kamar ta jakin da aka hana dusa, amma waƙar ita ce. Yarinya ta saki kujera, ta tako tana tangaɗi, ta zo ta damƙi gemunsa. Aka miƙo masa fasfo har da ban haƙuri. Da ya ɗaga kai, jirgi ya tafi.

Sai na washegari suka samu. Suna isa asibiti an riga an shiga da matar. Yayanta ya ce har aka tura gadonta ƙofa tana ta waige. Mai hatsi ya zauna a bakin ɗakin aikin, yarinya na barci a ƙirjinsa, ba wanda ya sani a ƙasar nan sai yayan matar, yana ta addu'a. Allah ya tashi kafaɗar matar, ta farka ta ga 'yarta. Amma waigen nan da ta yi ba ta ga kowa ba, shi ya ja mata, da kalma ɗaya da ya riƙe a bakinsa ranar da ake nemanta.

Kunya ado ce, angon bara, amma tana da ranarta. Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.