Kujerar Tsakiya

Amadeu ne ya ɗaukar mini jaka ranar da na bar Luxembourg zan koma ƙauyenmu dungurungum. Maƙwabcina ne, mai gyaran famfo, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ban sani ba ashe ya sauya mini tikitin jirgin sama zuwa sahun manya, gaban labule. Shi ma ya biyo ni, wai zai duba ƙanensa a Porto.

Kujerun gaban ba su fi na baya faɗi ba, sai dai ana barin ta tsakiya babu kowa. Ina jikin taga, shi yana bakin hanya.

"Kai Amadeu, tsada ka saya don mu zauna nesa da juna?"

Ya yi dariya.

"Deolinda, gidana ya yi mini girma. Ki dawo. Ki aure ni."

Na sunkuyar da kai, sai idona ya faɗa kan kujerar tsakiya. Ashe tun shigowarmu na ɗora hular mijina marigayi Belmiro a kai, da carbina. Amadeu ya miƙo hannu, ya iso daidai hular, ya janye.

"Da mutum a wurin, Amadeu."

"Na gani."

Da muka sauka a Porto bai nemi wani ƙane ba, jirgin komawa ya tsaya jira. Ya miƙo mini jakata.

"In kin kunna wa Belmiro kyandir a coci, ki kunna mini ɗaya. Ƙarami ma ya isa."