Gwaibar da Ke Kan Hanya

Ina ƙarama, unguwarmu ta bayan Rikoto ba ta da hanyar mota, sai siririyar turba tsakanin shingaye. Wata damina, a hannu aka ɗauki matar maƙwabcinmu zuwa bakin titi tana naƙuda. Abin da ya sa magidanta suka kafa ƙungiyar unguwa ke nan, suka yarda kowa zai ja shingensa baya. Aka watse, amma ba wanda ya motsa.

Wata Asabar da la'asar na tarar da Baba riƙe da gatari a gindin gwaibarmu, wadda nake hawa kullum. Na rungume ta ina kuka.

"Baba, don Allah a fara da gidan wasu!"

Ya ajiye gatarin, ya tsuguna a gabana. "Ɗiyata, abin da ake faɗa a kowane gida ke nan."

Ya jira na tsinke nunannun, sannan ya sara. Har yau ina jin ƙamshin ɗanyen itacen. Kafin magariba, maƙwabta suka fara tuge shingayensu.

Na daɗe ina fushi da shi. Sai bayan rasuwarsa Mama ta gaya mini shi ya dasa ta ranar sunana.