Mai Kai Ƙarar Injiniya

Ka taɓa tsintar takardar da aka rubuta don a ga bayan wani, ba ka kuma san hannun da ya rubuta ta ba?

Haka ta faru da mai shagon gyaran waya, wadda ma'aikatanta biyu ke kira Anti. Tana laluben wata caja a bayan durowa sai hannunta ya taɓo wani kwalin gilashin waya. Cike yake da 'yan takardu, irin waɗanda injin shagon ke bugawa a manna a bayan wayoyin gyara.

"Litinin. Ya katse masu kawo gyara sau goma sha ɗaya. Bai amsa gaisuwa ba sau huɗu. Ya yi wa wata tsohuwa bayanin batir minti tara, tana ta kallon ƙofa."

Babu suna, amma ko makaho ya shafa ya san da wa ake. Injiniya ne, mai gyaran shagon, wanda wayar da ta gagari kowa ke farfaɗowa a hannunsa. Tun ranar da ta ɗauke shi ya gaya mata yana da otizim: aikin hannu ba ya ba shi wuya, karanta fuskar mutane ne ke yi masa nauyi.

Matsalar ita ce Yayanta, mai rabin shagon. Wata guda ke nan da ya yanke hukunci a gaban kowa: in bai ga canji a mu'amalar Injiniya da mutane ba, ƙarshen wata zai nemo wani. Ƙarshen watan kuwa jibi ne.

Anti ta mayar da kwalin, amma zama ya gagare ta. Ta goge gilashin da ta riga ta goge. Ta leƙa titi, ta dawo. Wa ke tara wa bawan Allah hujja haka, har da mintoci?

Idonta ya sauka kan mai kanta, yarinyar da ke karɓar wayoyi tana rubuta sunayen masu su. Ba ita ce ta taɓa cewa ƙaninta ma ya iya gyara ba?

Washegari ta sa ido. Mai kanta ta je wurin injin sau shida, Injiniya ma ya je, kowa da aikinsa. Shi dai yana sunkuye kan teburinsa, agogon hannunsa na ɗan girgiza lokaci-lokaci kamar mai tuna masa wani abu, sai ya ɗago ya dubi mutumin da ke gabansa, ya ce, "Ci gaba, ina jin ka." Da aka tashi, ta tarar da sabuwar takarda a kwalin. Ta zazzage sauran, ta ga har da ta Asabar ɗin da mai kanta ba ta zo ba. Wato yarinyar nan har ɗan rahoto gare ta!

Ba ta tsaya karanta su ba. Ta yayyage su ƙanana-ƙanana, ta bi mai shara har bakin titi ta zuba masa a amalanke. Sai a lokacin hankalinta ya kwanta.

Ranar hukunci, Yaya ya bugo ya ce ga shi nan tafe. Injiniya ya kasa zaune ya kasa tsaye, yana jan durowa yana mayarwa. Tausayinsa ya kama Anti, ta juya kan mai kanta.

"Ke! Baki da zuma, ciki da maɗaci. Me ya tsare miki?"

"Ni kuma, Anti? Me na yi?"

"Za ki sani. Abin da kika tara wa Yaya yana can a juji, sai ki bi shi ki..."

"Anti." Injiniya ne, tsaye da kwalin a hannu, babu komai a ciki. A waje aka ji ƙofar mota ta rufe. "Yi haƙuri, na katse ki, sau ɗaya ke nan yau. Kin ga takarduna? Wata guda ina sa wa kaina ido, ina rubuta 'ya yi' maimakon 'na yi' don kada in yi wa kaina sassauci. Daga goma sha ɗaya na sauko zuwa ɗaya, su kaɗai nake da su da zan nuna wa Yaya."